Malam Rilwanu da Akwatunan da Ke Kurmancewa

Malam Rilwanu Yusha'u ya yi shekara ashirin da shida a sashen kwamfuta na wata hukumar gwamnati a Kaduna, kuma in ka tambayi mutanen ofishin mene ne aikinsa, amsa ɗaya za su ba ka: shi ne mai gyaran firinta. Ba ƙarya suka yi ba. Firinta ta cije takarda, a kira shi. Wata Hajiya ta manta lambar sirrinta, a kira shi. Har fanka aka taɓa kiransa ya duba, ya kuwa je ya duba.

A Badarawa aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya zauna da matarsa Sa'adatu, malamar firamare, da 'yarsu ɗaya Khadija. Difloma ya yi a fannin lantarki. Sauran abin da ya sani shi ya koya wa kansa, daga takardun da yake bugowa a shagon intanet tun lokacin da ake jiran shafi ɗaya minti biyar kafin ya buɗe. Ya iya rubuta manhaja, ba irin wadda ake gani a fuskar kwamfuta ba, irin ta can ciki, wadda ke koya wa na'ura yadda za ta yi magana da sassan jikinta. Masu sana'ar suna kiran irin wannan manhaja direba. A duk hukumar babu wanda ya san ya iya wannan, shi ma bai taɓa ganin dalilin faɗa ba.

A shekarar 2017 aka sayo wa hukumar wasu ƙananan akwatunan sadarwa guda ɗari biyu da arba'in. An ce za a kafa su a ƙananan asibitoci, domin ma'aikata su riƙa turo bayanan marasa lafiya da karɓar sakamakon gwaji ba tare da sun hau mota sun shigo gari ba. An kafa talatin, an ɗauki hotuna. Ba a yi wata biyu ba ƙorafi ya fara zuwa. Akwatin zai yi aiki lafiya lau da safe, da zarar aiki ya yi yawa sai ya yi shiru. Fitilarsa na ci, jikinsa da ɗumi, amma ba ya karɓar komai har sai an cire wuta an mayar. Aka nemi kamfanin da ya kawo su, aka tarar ya rufe ofis. Aka kwaso talatin ɗin, aka haɗa da sauran, aka jibge a sito.

Mai kula da siton, Lawan, abokin Rilwanu ne tun suna samari. Wata rana bayan sallar Azahar Rilwanu ya biyo shi karɓar tawadar firinta, ya ga kwalaye jere har rufi.

"Waɗannan fa?"

"Kuramen nan ne," in ji Lawan. "Shekara biyu ke nan ina share musu ƙura."

"Ara mini ɗaya."

"Ka yi me da shi?"

"In ji abin da ke damunsa."

Lawan ya yi dariya, ya zaro ɗaya ya miƙa masa. Bai rubuta a ko'ina ba, don bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Rilwanu ya kwance akwatin a kan teburinsa, ya jona shi da tsohuwar kwamfutarsa. Sa'ar da ya yi, manhajar da ke ciki irin ta kowa da kowa ce, wadda ake iya karanta rubutunta a gyara. Ya shiga karatu. In an kira shi gyaran firinta ya tashi ya je, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da cutar korona ta sa aka rufe gari, sai ya tafi da akwatin gida, ya kafa shi a kan teburin da Sa'adatu ke duba littattafan ɗalibanta. Daga an idar da sallar Asuba yana kai, har rana ta take.

"Baban Khadija," ta ce da shi wata safiya, "wannan abin an ce ka yi shi ne?"

"Ba a ce ba."

"To in ka gyara, wa zai sani?"

"In na gyara ai za su gani."

Ta dube shi yadda take duban yaron da ya ba da amsa da ƙarfin gwiwa alhali ba ita ba ce, ta ajiye masa kunu ta fita.

Wata goma sha huɗu ya yi kafin ya kama abin. Ranar da ya kama shi, Lawan ya fara nema, domin dole ya faɗa wa wani. Ya same shi a bakin sito yana cin gyaɗa.

"Ka ɗauka akwai oga a ofis, akwai masinja," in ji Rilwanu. "Ogan shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Masinjan shi ne katin da ke karɓo saƙo daga waje. Duk wasiƙar da ta zo, masinja ya ƙwanƙwasa ƙofa, oga ya bar abin da yake yi ya karɓa. Wannan ƙwanƙwasawar ita muke kira katsewa."

"Na gane."

"To in wasiƙu dubu suka zo a cikin daƙiƙa ɗaya fa? Oga ba zai yi aikin komai ba sai buɗe ƙofa. Shi ya sa aka yi dabara. Da an ƙwanƙwasa sau ɗaya, oga zai ce, dakata, kada ka sake bugawa, zan fito da kaina. Ya toshe katsewar ke nan. Sai ya sa wa kansa lokaci a cikin jerin ayyukansa, ya fito ya kwashi wasiƙu sittin da huɗu, ya koma ya yi wani aikin, ya sake fitowa. In ya ga tiren wasiƙu ya zama wayam, sai ya ce wa masinja, yanzu kana iya bugawa."

"Ai wannan tsari ne mai kyau."

"Mai kyau ne. Amma wannan katin yana da wani hali da ba a rubuta a takardarsa ba. Ba ya bugawa sai in wasiƙa ta faɗo cikin tiren da babu komai, kuma a daidai lokacin da aka ba shi izini. To tsakanin oga ya ga tire wayam da ya buɗe baki ya ba da izini, akwai ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba. In wasiƙa ta faɗo a nan, masinja bai buga ba don an hana shi. Ta biyu ta zo, bai buga ba don tire ba wayam yake ba. Haka ta uku, haka ta dubu. Oga na ciki yana jiran bugu, masinja na waje yana ganin ai oga ya sani."

Lawan ya daina tauna. "Shi ke nan abin da ya kwantar da akwati ɗari biyu da arba'in?"

"Shi ke nan."

"Maganin fa?"

"Bayan ya ba da izini, ya sake leƙa tiren sau ɗaya. In ya ga wani abu, ya sake toshe bugun, ya mayar da kansa cikin jeri. Layi tara na rubuta."

Lawan ya girgiza kai, ya zuba masa gyaɗa a tafin hannu. "Wallahi Rilwanu, an ɓata ka a gidan nan."

Gwajin tebur bai ishe shi ba. Ƙanwarsa Mero ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Katabu, ɗaya daga cikin waɗanda aka taɓa kafa wa akwatin aka cire. Farantin hasken rana da wayoyin duk suna nan a bango. Ya roƙi Lawan akwati na biyu, ya sa masa gyaran, ya hau mota a tashar Kawo ranar wata Asabar, ya je ya ɗaura shi da hannunsa.

Akwatin ya yi sati bai yi shiru ba. Ya yi wata. A wata na uku Mero ta zo gidansu da 'yar jakar dabino.

"Yaya, ka san da can in muka aika majinar mai tari gwaji, sai mun jira wanda zai shiga gari ya karɓo takarda? Wani lokaci sati biyu, wani lokaci mutum ya gaji ya koma ƙauye ba mu sake ganinsa ba. Yanzu jiya aka gama, yau yana hannuna. Mutum huɗu muka ɗora a kan magani watan nan tun ba su fara tofar da jini ba."

Rilwanu sai murmushi yake yi yana juya ƙwallon dabino a hannu. Sa'adatu ta daɗe ba ta ga fuskarsa haka ba. Ranar Litinin ya zauna ya rubuta takarda shafi biyu zuwa ga darakta. Ya bayyana cutar akwatunan, ya bayyana maganin, ya ce in an ba shi izini da mota ɗaya, zai iya tayar da duka akwatunan cikin wata uku. A saman takardar ya rubuta cewa batun gyaran direba ne.

Wata huɗu bai ji komai ba. Da ya bi sawu, sai ya tarar akawun da ke rarraba takardu ya ga kalmar direba ya tura fayil ɗin sashen sufuri. Can ya same shi a ƙarƙashin takardun neman taya, wani ya rubuta a gefe da jan biro: wane direba ne, kuma wace mota yake ja? Ya ɗauko fayil ɗin da kansa, ya canza rubutun saman takardar, ya kai ofishin darakta. Kafin a duba, aka yi wa daraktan canjin wurin aiki.

Sabon daraktan, Alhaji Idris, mutum ne mai fara'a, kuma ya ba shi minti goma cur.

"Malam Rilwanu, na karanta. Ban gane rabinsa ba, amma na ga an sha wahala. Kana nufin kai kaɗai ka gyara abin da kamfani ya kasa?"

"Ranka ya daɗe, ba wani babban abu ba ne. Ganinsa ne ke da wuya."

"To wa zai tsaya mana a kai? In na sa hannu aka kafa su, gobe suka sake mutuwa, wa za a kama? Kamfani yana da takardar shaida. Kai wace takarda gare ka?"

"Akwai wanda ke aiki a Katabu wata bakwai ke nan, ranka ya daɗe. Ana iya zuwa a gani."

Fara'ar Alhaji Idris ta ragu. "A Katabu? Wa ya ba da izinin fitar da shi daga sito?"

Rilwanu ya gane ya yi kuskure tun kafin ya rufe baki. Cikin sati aka shiga sito aka duba, aka ga babu akwati biyu. Aka ba Lawan takardar tuhuma, aka ba shi tasa. Lawan saura shekara ɗaya ya yi ritaya, kuma aka nuna masa cewa maganar na iya taɓa haƙƙinsa na barin aiki. Ya zo teburin Rilwanu, bai zauna ba.

"Ba na ganin laifinka," ya ce. "Amma ka dawo mini da su kafin Juma'a. Ina da iyali."

Ranar Laraba Rilwanu ya koma Katabu da sukudireba a aljihu. Asibitin cike yake, ranar awon ciki ce. Ya ari benci ya taka. Mero ta fito daga ɗakin allura da safar hannu ba ta ko cire ba.

"Yaya, me kake yi?"

"An ce a mayar."

"A mayar ina? A yi me da shi?"

"A ajiye."

"Akwai sakamakon mutum shida da muke jira yau. Ka bari ko zuwa yamma mana."

Ya sauko daga bencin ya zauna a kai. Ya jira har La'asar, sakamako huɗu suka shigo, biyu ba su zo ba. Sannan ya hau ya kwance ƙusoshi huɗun, ya naɗe wayar, ya sa akwatin a leda. Mero ba ta raka shi bakin titi ba, kuma bai ga laifinta ba.

An yafe wa Lawan da jan kunne. Shi kuma Rilwanu aka rubuta masa gargaɗi a fayil, wanda ya sa ƙarin girman da yake jira ya wuce shi. Lawan bai daina gaishe shi ba, amma bai sake kiransa cin gyaɗa ba.

Hanya ɗaya ta rage masa. Manhajar da ke cikin akwatin tana da masu kula da ita a ƙasashe daban-daban, kuma kowa na iya aika musu gyara. Ya yi sati yana tsara wasiƙar da Turanci, Khadija, wadda a lokacin tana jami'a, ta duba masa nahawu. Ya tura. Bayan kwana tara amsa ta zo daga wani mutum da bai taɓa gani ba. Mutumin ya ce binciken daidai ne, gyaran ma daidai ne, kuma ya yi mamakin yadda aka gano shi ba tare da kayan awo ba. Sai dai an daina ƙera wannan katin shekara shida da suka wuce, babu wanda ya rage yana kula da direbansa, kuma an riga an yanke shawarar cire shi gaba ɗaya a fitowar manhajar ta gaba. Ya yi masa godiya.

Rilwanu ya buga wasiƙar a firintar ofis, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Ita ce kaɗai takardar da wani wanda ya san aikin ya taɓa rubuto masa cewa ya yi daidai. Ya nuna wa Sa'adatu.

"Me ya ce?"

"Ya ce na yi daidai."

"Alhamdu lillahi. To sai me?"

"Shi ke nan."

A shekarar da ta biyo aka ba da sabuwar kwangilar wasu akwatunan. Aka ce sito ya cika, a yi gwanjon tsofaffin. Rilwanu bai ji ba sai da ya ga siton a buɗe ana wanke ƙasa. Ya tambaya aka ce masu sayen tsofaffin ƙarafa ne daga Rafin Guza suka kwashe. Ya tashi aiki ya nufi can. A wani fili bayan masu walda ya same su, an tara su kamar tulin bulo, mutum biyu zaune da guduma suna fasawa, suna ware allunan ciki gefe guda, robar gefe guda.

"Alhaji, kana so ne?" in ji ɗayansu. "Matattu ne fa. Tagullar ciki muke nema."

"Ba matattu ba ne."

"To ai gwamnati ce ta ce matattu ne."

Ya tsaya yana kallo har aka fasa kamar goma. Zai iya sayen biyu ko uku. Ya yi tunanin hakan, sannan ya tambayi kansa inda zai kafa su, da wanda zai bari a kafa, bai sami amsa ba. Ya yi musu sallama ya tafi.

Sababbin akwatunan sun zo, kuma suna da kyau. An kafa wa asibitin su Mero ɗaya. Ya yi aiki wata biyar, sannan ya nemi a sabunta masa wata lambar izini da kamfanin kaɗai ke da ita, kuma yarjejeniyar kamfanin da hukuma ta ƙare. Wannan karon manhajar a kulle take, ba a iya karanta ta. Mero ta kira shi a waya.

"Yaya, ko za ka zo ka duba?"

"Ba abin da zan iya yi masa, Mero. Ko na buɗe, ba zan ga komai ba."

Ta ce sun koma babban littafi da biro, ta tambayi lafiyar Sa'adatu.

Tun yana aikin akwatin yake jin idonsa na yi masa nauyi, yana ganin kamar gefen abubuwa na duhu. Ya ɗauka kallon kwamfuta ne, ya sayi tabarau a kasuwa. Sai da ya fara karo da gefen ƙofa Sa'adatu ta tilasta masa zuwa asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, na hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya saura da maganin ɗigawa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Rilwanu ya nemi ritaya kafin lokacinsa, aka ba shi ba tare da an tambayi dalili ba. A taron sallama Alhaji Idris ya yabe shi da haƙuri da zuwa aiki a kan lokaci, ya ce firintocin hukumar za su yi kewarsa. Aka yi dariya, aka ba shi agogon bango.

Khadija ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta yi aure a Zariya. Ya taɓa gwada koya mata abin da ya sani, ta saurara don ladabi, shi ma ya gane ya bari. A unguwar babu wanda ya tambaye shi, kuma ba ya iya karanta rubutu a fuskar kwamfuta yanzu sai an ƙara girmansa har kalma uku su cika ta.

Yana nan a Badarawa. Wani mai cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta yakan aiko masa da wayoyin da ake haɗa kwamfutoci da su ya sa musu kan roba na jonawa, domin hannunsa bai manta ba, kuma nasa ba sa kwancewa. Kowace waya tana da silli takwas a ciki, kowanne da launinsa, kuma dole a jera su bisa tsari. Launukan ne ba ya rarrabewa. Saboda haka yakan jira Sa'adatu ta dawo daga makaranta, ta ci abinci, ta zauna kusa da shi a kan tabarma a tsakar gida. Ita ta jera sillayen, ta miƙa masa, shi ya daidaita bakinsu da yatsa, ya yanke, ya tura cikin kan, ya matse. A rana sukan yi talatin, in ba ta gaji sosai ba su yi arba'in.